Da Izinin Wa? Tambayar da Ta Kafa Amurka

A watan Yulin 1776 abubuwa biyu sun faru a gabar gabashin Amurka. Ɗaya duniya duka ta ji labarinsa, ɗayan kuwa sai da masu tonon tsofaffin takardu suka daɗe suna haɗa shi. Na farko a birnin Filadelfiya ne, inda wakilan yankunan da Ingila ke mulka suka amince da takardar ayyana 'yancin kai ranar 4 ga wata. Na biyu a kogin Potomac ne, a Virginia. Jiragen yaƙin Ingila sun hauro kogin, sai wani bawa mai suna Harry, mai kula da dawaki a gandun Mount Vernon, ya sulale ya shige cikinsu. Ubangidansa ba ya gida, yana New York yana jagorantar rundunar da ke yaƙar Ingila. Sunan ubangidan George Washington.

Harry mutumin yankin kogin Gambiya ne, kamo shi aka yi aka tsallakar da shi teku, Washington ya saye shi a 1763. Da sunan ubangidansa tarihi ya san shi: Harry Washington. Kowannensu 'yanci yake nema a wannan watan. Ubangida yana so ya kuɓuta daga Sarkin Ingila, bawa kuma ya gudu wajen Sarkin Ingila don ya kuɓuta daga ubangida. A ganina ba a fahimtar kafuwar Amurka sai an riƙe mutanen nan biyu a ido lokaci guda, domin tambaya ɗaya ce a bakinsu: da izinin wa kake mulkina, da izinin wa kake cin gumina?

Tambayar tana da tsohon tushe. Turawan Ingila sun kafa mazauninsu na farko da ya ɗore a Jamestown a 1607. A 1619 mazauna Virginia suka zaɓi majalisarsu ta farko, kuma a shekarar ce jirgi ya sauke 'yan Afirka kimanin 20 aka sayar da su a can. Majalisa da bauta tare suka girma, kamar tagwaye. Daga nan har kusan shekara 150 Landan ta sakar wa yankunan nan linzami. A yawancinsu sarki ke naɗa gwamna, amma majalisar da mazauna suka zaɓa ita ke yanka haraji, a wurare da dama ma ita ke biyan gwamnan albashi. Wasiƙa tana yin wata ɗaya zuwa biyu a teku kafin ta iso daga Landan. Mutanen da suka gaji wannan saki tun kaka da kakanni sun daina kallonsa a matsayin alfarma, sun ɗauke shi haƙƙi.

Abin da ya dagula lissafi nasara ce. A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa, ta karɓe Kanada da ƙasar da ke gabas da kogin Mississippi. Sai dai bashin da ke kanta ya kusa ninkawa, ya haura fam miliyan 120, ga sojoji kimanin 10,000 da take so ta girke a Amurka. Tunanin ministocin Landan shi ne, yaƙin nan don kare ku aka yi shi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In za a yi adalci, hujjarsu ba ta banza ba ce, domin harajin da ɗan Ingila ke biya a gida ya ninka na mutumin Boston sau da yawa. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, tsoron Faransa ne igiyar da ta ɗaure mazaunan nan a jikin Ingila, kuma su da hannunsu suka tsinke ta. Suka ƙara da shata layi a kan duwatsun Appalachian, suka ce kada mazauna su tsallake su shiga ƙasar 'yan asalin nahiyar. Manyan Virginia da suka zuba ido a kan filayen yamma, har da Washington, ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

A 1765 Majalisar Dokokin Ingila ta yi dokar kan sarki. Takardar kotu, takardar sayen fili, lasisi, jarida, har kartar wasa, duk sai an buga su a kan takarda mai hatimin da aka saya da kuɗi. Kuɗin ba wani yawa gare shi ba, amma dubi waɗanda ya taɓa: lauyoyi, masu buga jarida, 'yan kasuwa, wato daidai mutanen da ke da baki da alƙalami. A Boston, ranar 14 ga Agusta, aka wayi gari an rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da takardun, a reshen wata bishiya. Da dare taron jama'a ya fasa masa gida, washegari ya ajiye aikin. Kafin ranar da dokar za ta fara aiki, da ƙyar ake samun wanda zai yarda ya riƙe muƙamin a duk yankunan.

Hujjar masu adawa ita ce gadon Ingila kanta: ba a sa hannu a aljihun ɗan Ingila sai da yardarsa, ta bakin wakilin da ya zaɓa. Su kuwa ba su da ko mutum ɗaya a majalisar Landan. Landan ta amsa da cewa ai manyan garuruwa irin su Manchester da Birmingham ma ba su da kujera, amma duk ɗan majalisa yana wakiltar daula baki ɗaya. 'Yan Amurka suka ce akwai bambanci. Ɗan majalisar da ya ɗora wa Manchester haraji shi ma zai biya irinsa, amma wanda ya ɗora wa Boston sauƙe wa kansa nauyi ya yi, kuma babu ranar da zai daina jin daɗin yin hakan. Wannan ce zuciyar rigimar. Da 'yan kasuwar Ingila suka ji zafin ƙaurace wa kayansu, aka soke dokar a 1766, amma a rana guda aka yi wata da ke cewa majalisa tana da ikon yi wa yankunan doka a kowane al'amari. An janye harajin, an bar iƙirarin.

Shekara goma da suka biyo baya duk kai-komo ne a kan wannan gaɓa. A 1767 aka ɗora kuɗin fito a kan gilashi, fenti, darma, takarda da shayi, a 1768 kuma aka turo sojoji Boston. Ranar 5 ga Maris 1770 taron jama'a ya rutsa wasu sojoji da jifan ƙanƙara da sanduna, sojojin suka buɗe wuta, mutum biyar suka mutu. Cikinsu akwai Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne wanda ya tsaya wa sojojin a kotu. John Adams ne, lauya ɗan shekara 34, ɗan gani-kashe-nin adawa da Landan, a garin da ke neman jinin sojojin. Ya kare su, aka wanke kyaftin ɗinsu da shida daga cikinsu, biyu aka same su da kisan da ba na ganganci ba. Adams ya gane cewa wanda ke kukan a bi doka a kansa dole ya bi ta a kan abokin gabansa. Ba duk 'yan kishin ƙasar ba ne suka gane haka. A Janairun 1774 wasunsu suka tuɓe wani jami'in kwastan, John Malcolm, cikin tsananin sanyi, suka kwarara masa kwalta, suka liƙa masa gashin tsuntsu, suka zaga gari da shi. Wannan ma yana cikin tarihin.

Batun shayi ne ya fi nuna abin da ake faɗa a kai. Dokar 1773 ta bai wa Kamfanin East India damar kawo shayinsa kai tsaye, har ya zama ya fi na fasa-ƙwauri araha, sai dai akwai harajin peni uku a jikin kowane awo. Da araha ake nema da an saya an yi shiru. Ranar 16 ga Disamba 1773 wasu mutane suka ɓad da kama, suka hau jirage uku a tashar Boston, suka farfasa akwatunan shayi 342 suka juye a teku. Landan ta fusata, ta rufe tashar har sai an biya kuɗin shayin, ta karya tsarin mulkin kai na Massachusetts, ta naɗa janar na soja gwamna. Niyyar ita ce a hukunta ɗaya sauran su shiga taitayinsu. Sauran kuwa suka ga abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba. South Carolina ta aiko wa Boston da shinkafa, Connecticut ta koro tumaki, kuma a Satumban 1774 wakilan yankuna 12 suka taru a Filadelfiya. Ranar 19 ga Afrilu 1775 aka yi harbin farko a Lexington da Concord.

Duk wanda ya karanta wasiƙu da jaridun 'yan kishin ƙasar na wannan lokaci zai yi ta cin karo da kalma ɗaya: bauta. Landan na so ta mai da mu bayi, in ji su. A bakin manyan Virginia wannan ba salon magana ba ne kawai, domin abin da suke gani ne kullum in sun leƙa taga. A Agustan 1774 Washington ya rubuta wa wani abokinsa cewa in ba su tashi tsaye ba, sabo zai mai da su ƙasƙantattun bayi kamar baƙaƙen da suke mulka yadda suka ga dama. Ya san abin da iko marar linzami ke yi wa mutum, domin yana riƙe da irinsa. A lokacin mutanen yankunan sun kai kimanin miliyan 2.5, kuma kusan ɗaya cikin biyar bawa ne.

Gwamnan Virginia na Ingila, Lord Dunmore, ya san inda ƙurjin yake. A Nuwamban 1775 ya yi shela cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami a gefen sarki ya 'yantu. Ba tausayi ya sa shi ba, shi ma yana da bayi, kuma shelar ba ta shafi bayin masu biyayya ga sarki ba. Dabarar yaƙi ce. Amma wanda ke cikin rami ba ya tambayar niyyar mai miƙo igiya. Wannan shela ce Harry ya amsa, kuma ita ce ta tura masu gandaye da yawa da ke ta jan ƙafa suka rungumi ɓallewa.

Ko a 1775 majalisar yankunan tana rubuta wa Sarki George na Uku takardar neman sulhu. Sarki ya ƙi karɓa, ya ayyana su 'yan tawaye. A Janairun 1776 Thomas Paine, baƙon da bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da isowa daga Ingila ba, ya fitar da ɗan littafinsa Common Sense da harshen da manomi da maƙeri za su gane, ya ce sarautar gado kanta ita ce cutar. Zuwa Yuni aka ɗora wa Thomas Jefferson, ɗan shekara 33, aikin rubuta takardar 'yanci. A ɗakunan haya a gidan wani magini ya rubuta ta, kuma wanda ke yi masa hidima a wannan zama bawansa ne, Robert Hemings, yaro ɗan shekara 14. A nan ya rubuta cewa an halicci dukkan mutane daidai, Mahalicci ya ba su haƙƙoƙin da ba a ƙwacewa, kuma gwamnati ba ta da halastaccen iko sai wanda ta samu daga yardar waɗanda take mulka. Akwai wani dogon sakin layi a daftarinsa da ke la'antar cinikin bayi yana ɗora wa sarki laifin. Majalisa ta goge shi. Jefferson da kansa ya ce an yi haka ne don a faranta wa South Carolina da Georgia, da kuma 'yan arewa masu jiragen da ke dakon bayin.

Yaƙin kansa ya fi kama da jimiri a kan jarumtar fage. An kori Washington daga New York a 1776, rundunarsa ta kusa watsewa, sai ya tsallake kogin Delaware cikin ƙanƙara a daren Kirsimeti ya kama sojojin Jamus da Ingila ta ɗauko haya kimanin 900 a Trenton. A hunturun 1777 zuwa 1778, a sansanin Valley Forge, cuta da yunwa da sanyi suka kashe masa kimanin mutum 2,000 cikin 12,000. Abin da ya juya akalar yaƙin shi ne miƙa wuyan wata rundunar Ingila sukutum a Saratoga a Oktoban 1777. Da wannan labari Benjamin Franklin, wakilin Amurka a Paris, ya shawo kan Faransa ta shigo a 1778, da kuɗinta da jiragenta. A Yorktown a 1781, jiragen yaƙin Faransa ne suka toshe teku, sojojin Faransa da na Amurka suka kewaye Janar Cornwallis ta tudu har ya miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba. Ba don Faransa ba, da wuya a ga ranar. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, yaƙin ya raba kansu, kuma ba su tsira ba ko ta wane gefe. A 1779 Washington ya aika runduna ta ƙone garuruwan Iroquois kimanin 40 da gonakinsu. Da aka zo yarjejeniyar zaman lafiya a Paris a 1783, Ingila ta miƙa wa Amurka ƙasarsu har bakin Mississippi ba tare da an tambaye su ba.

In aka ce in nuna rana ɗaya da Amurka ta tsira, ba ranar fage zan nuna ba. Zan nuna 15 ga Maris 1783, a sansanin Newburgh. Majalisar yankunan, saboda tsoron da aka gada daga rigima da Landan, ba a ba ta ikon karɓar haraji ba, roƙon jihohi take yi, jihohi kuma suna noƙewa. Hafsoshi sun daɗe ba albashi, alkawarin fansho ya zama magana. Wata takarda marar sa hannu ta zaga sansani tana zuga su kada su ajiye makamai sai an biya su. Duk wanda ya girma a Afirka ta Yamma ya san abin da kan biyo baya in hafsoshi suka taru da irin wannan ƙorafi. Washington ya shigo taron ba zato, ya yi jawabi, fuskoki ba su sake ba. Sai ya zaro wasiƙar wani ɗan majalisa zai karanta, ya yi ta lalube a kan layukan farko, ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu ya ɗauko tabarau, wanda yawancinsu ba su taɓa ganinsa da shi ba, ya nemi afuwa ya ce a hidimar ƙasar nan ba furfura kaɗai ya yi ba, har ganinsa ya kusa tafiya. Mazan da suka shekara takwas suna yaƙi suka zub da hawaye, maganar bore ta mutu a ɗakin. Ranar 23 ga Disamba ya tsaya gaban majalisa a Annapolis, majalisar da ba ta da ko sisin biyansa, ya mayar mata da takardar muƙaminsa ya hau doki ya tafi gida. Mutumin da ke da runduna da son jama'a ya amsa tambayar "da izinin wa" a kan kansa, ya yarda cewa ikon aro ne.

Wannan mutumin ne kuma, a watan Mayun shekarar, ya zauna da kwamandan Ingila, Sir Guy Carleton, yana neman a dawo da bayin da suka gudu, domin yarjejeniyar ta hana Ingila tafiya da baƙaƙe ko wata dukiyar 'yan Amurka. Carleton ya ce waɗanda aka yi wa alkawarin 'yanci ba zai saɓa musu ba, iyakaci zai rubuta sunayensu saboda batun diyya. Aka buɗe rajista, ta ɗauki suna kimanin 3,000. A ciki akwai Harry Washington, ɗan shekara 43. A Yulin 1783 ya hau jirgi daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada.

Ƙasar da ya bari a baya ta shiga ruɗani. Gwamnatin tsakiya ba kuɗi, ba kotu, ba shugaba. A 1786 manoman yammacin Massachusetts, da yawansu tsofaffin sojoji, suka ga kotuna na ƙwace musu gonaki saboda bashi da haraji, suka ɗauki bindigogi suka rufe kotunan. Wannan bore, da ake kira da sunan Daniel Shays, shi ya razana manya. A Mayun 1787 wakilai suka taru a Filadelfiya, 55 ne suka halarta a tsawon zaman, Rhode Island ta ƙi zuwa. Suka rufe tagogi cikin zafin bazara don kada a ji muhawararsu, suka yi kusan wata huɗu suna tsara kundin tsarin mulkin ƙasar. Matsalar da ke gabansu mai wuya ce: yaya za a gina gwamnati mai ƙarfin karɓar haraji da tsare ƙasa, ba tare da ta zama wata Landan ba?

James Madison, ɗan shekara 36, shi ya fi kowa shiri. Tunaninsa bai dogara da nagartar shugabanni ba. Ya rubuta daga baya cewa da mutane mala'iku ne da ba a buƙatar gwamnati, don haka sai a sa burin wannan ya tare burin wancan. Majalisa ta yi doka kuma ta riƙe lalita, shugaba ya zartar kuma yana iya ƙin sa hannu, alƙalai su zauna ba mai tsige su don ya ji haushin hukuncinsu, jihohi su riƙe nasu ikon. Manyan jihohi da ƙanana suka kusa watsa taron, har aka sasanta: majalisar wakilai bisa yawan jama'a, majalisar dattawa kowace jiha kujera biyu. Wannan fasali ne Najeriya ta ɗauko a kundin 1979, kuma har yau a kansa take. Aka kuma rubuta cewa ba za a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙamin tarayya ba, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Sai aka zo kan bayi. Jihohin kudu suka ce a ƙirga su cikin jama'a wajen rabon kujeru, na arewa suka ce ta yaya abin da kuke kira dukiya zai ƙara muku kujera. Aka tsaya a kan cewa kowane bayi biyar za a ƙirga su a matsayin mutum uku. Ma'anar wannan ita ce, bawan da ba shi da ƙuri'a ya zama ƙarin ƙuri'ar ubangidansa. Aka hana majalisa taɓa shigo da bayi daga waje kafin 1808, aka wajabta mayar da wanda ya gudu zuwa wata jiha. Duk wannan an rubuta shi ba tare da kalmar "bawa" ta fito ko sau ɗaya a kundin ba, kuma wannan kaucewar ta isa shaida cewa sun san abin da suke yi. George Mason na Virginia, shi ma mai bayi, ya tashi a zauren ya ce ƙasashe ba a yi musu hisabi a lahira, a duniya ake yi musu, da masifu na ƙasa baki ɗaya. Ranar 17 ga Satumba mutum 39 suka sa hannu. Mason ya ƙi, babban dalilinsa kuwa rashin jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Matsin irinsa da na Patrick Henry, wani jigon siyasar Virginia, shi ne ya haifar da gyare-gyare goma na 1791, waɗanda suka kare 'yancin addini, faɗin albarkacin baki, jarida da shari'ar adalci. Ƙidayar 1790 ta sami mutum miliyan 3.9, kusan 700,000 bayi ne. Cikin shekara 36 na farkon shugabancin ƙasar, 32 masu bayi daga Virginia ne suka riƙe kujerar.

Ana yawan cewa mutanen zamaninsu ne, kada a auna su da mudun yau. Ban karɓi wannan uzuri ba, domin a zamanin nasu akwai waɗanda suka gani suka kuma aikata. John Adams bai taɓa mallakar bawa ba. Pennsylvania ta yi dokar kawar da bauta sannu a hankali tun 1780. Franklin, wanda ya taɓa riƙe bayi, ya ƙare rayuwarsa yana shugabantar ƙungiyar yaƙi da bauta, kuma ya kai wa majalisa koke a 1790, watanni biyu kafin rasuwarsa. Washington kansa ya yi wasiyya a 'yanta bayinsa 123 cikin 317 da ke Mount Vernon, sauran yawanci na gadon mijin matarsa na farko ne. Jefferson, mai kalmomin nan masu daɗi, ya mallaki mutum fiye da 600 a rayuwarsa, kuma bayan mutuwarsa aka yi gwanjon 130 don biyan bashinsa. Haka kuma ban yarda da masu cewa duk abin yaudara ce ba. Kalmomin sun yi aiki tun marubutansu na raye. A Sheffield ta Massachusetts wata baiwa da ake kira Bett, wadda ba ta iya karatu ba, ta ji ana karanta kundin jihar na 1780 mai cewa an haifi kowa da 'yanci kuma daidai. Ta tafi wajen lauya, Theodore Sedgwick, ta ce in haka ne ita ma mutum ce. A Agustan 1781 kotu ta ba ta gaskiya, har da diyyar sule 30, ta sauya suna ta koma Elizabeth Freeman. Cikin 'yan shekaru bauta ta rushe a jihar. A kudu kuwa bashin ya yi ta taruwa har yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rai fiye da 600,000.

Washington ya yi wa'adi biyu a matsayin shugaban ƙasa na farko, ya sauka a 1797 alhali babu dokar da ta tilasta shi, ya rasu a Disamban 1799. Gwajin gaske ya zo a zaɓen 1800. Jam'iyyu biyu sun ƙi jinin juna, gwamnatin John Adams, wanda ya gaji Washington, ta yi dokar da aka ɗaure 'yan jarida da ita saboda sukar hukuma, kowane ɓangare na cewa in ɗayan ya ci ƙasa ta mutu. Adams ya faɗi. Jefferson da Aaron Burr, ɗan jam'iyyarsa da aka tsayar don ya zama mataimakinsa, suka yi kunnen doki, ƙuri'a 73 kowanne, sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fita. Ranar 4 ga Maris 1801, tun da asuba, Adams ya hau keken dokin haya ya bar birnin Washington. Ransa a ɓace yake, bai tsaya rantsar da magajinsa ba, amma ya bar kujerar, kuma ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Harry kuwa bai sami abin da ya je nema a Nova Scotia ba. Sanyi ya yi yawa, filayen da aka yi musu alkawari ko ba su zo ba ko sun zo duwatsu, Turawan wurin kuma suna biyan baƙaƙe ladan da bai taka kara ya karya ba. A 1792 ya shiga ayarin mutum kusan 1,200 da suka hau jirage 15 zuwa Saliyo, inda suka kafa Freetown. Ya sami gona, ya koma noma a nahiyar da aka ɗauke shi daga cikinta. Sai Kamfanin Saliyo, mai mulkin wurin daga Landan, ya ɗora musu kuɗin ƙasa a kan kowace eka, bayan an gaya musu tun a Kanada cewa filayen kyauta ne. Mazauna suka ce ba su yarda ba, suna so wakilan da suka zaɓa su yi musu doka, su kuma zaɓi alƙalansu. A Satumban 1800 suka liƙa nasu dokokin, wasu suka ɗauki makamai, Harry na cikinsu, yana da shekara kusan 60. Ana cikin haka jirgi ya iso da sojoji da wasu mayaƙa 'yan asalin Jamaika da aka kawo don a zaunar da su, kamfani ya yi amfani da su ya murƙushe boren. Aka rataye mutum biyu, aka kori wasu daga garin. Harry Washington na cikin waɗanda aka tsallakar da su kogi zuwa gaɓar Bullom, kuma a can ya zama ɗaya daga cikin shugabanni biyu na korarrun.